Tantin Ƙasar Ƙanƙara a Bakin Kogin Abaji

Ni mutumin Katsina ne. Ruwa mafi girma da na sani ina yaro shi ne kududdufin bayan gari, wanda ke ƙafewa kafin a gama kai gero rumbu. Saboda haka duk wanda ya ji an ce na tsufa da son kamun kifi, ya yi dariyarsa, ba zan ji haushi ba. Tifa ce ta ja min. Shekara da shekaru ina ɗauko yashi daga bakin kogi can bayan Abaji ina kawo wa masu ginin Abuja, a wurin kuma na haɗu da wani Banufe mai haƙo yashi da kwalekwale. Kun san tsakaninmu da Nufawa. Ranar farko ya ce ni bawansa ne, na ce ƙarya yake shi ne nawa, shi ke nan muka ƙulle. Da bayana ya ƙi tuƙi na ajiye mota, shi ma ƙirji ya hana shi nutso, sai muka koma zaman fatsa. Shi yana kama kifi, ni ina ciyar da su tana.

Daga Durumi inda nake zaune nakan hau motar haya in sauka Abaji, in kwana biyu a gidansa, in dawo da kifi a leda in ce wa uwargida ni na kama. Ta sani, na san ta sani. Ba ta taɓa tona ni ba sai dai ta ce, "Malam, kifin naka har da gishiri ya fito daga ruwan?"

A wata bazara abin ya ɓaci. Rana ta take, ina zaune kan dutse da fatsa a hannu, sai na ga kogin ya karkace kamar an jingina shi da bango. Abin da na sani bayan nan, ina kwance, rigata sharkaf, Banufen yana kwara min ruwa da ƙwarya yana salati yana zagina a lokaci guda. Aka kai ni asibiti, aka ce hawan jini ne ya haɗu da zafin rana.

Ina da 'ya, ita ce ta fari, sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Aikin jinya take yi a wani asibiti a cikin gari. Ba ta yi min faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Zuwa ta yi gida, ta gaishe ni a ladabce, ta shiga bayan ƙofa ta kwashe sandunan fatsata duka, da gwangwanin ƙugiyoyi, ta zuba a but ɗin motarta ta rufe.

"Uwata, wannan ai fashi ne da rana."

"Da rana kuwa, Baba. Ranar ce ta kusa kashe ka."

Na yi magiya, na yi fushi, na ƙi cin tuwo na tsawon lokacin da aka ɗauka ana zuba miya. Daga ƙarshe ta sassauto da sharaɗi. In samo inuwar da zan iya ɗauka da kaina, in kafa da kaina. Ita kuma za ta zo bakin kogin ranar Asabar da tsakar rana, ta auna jinina a cikin inuwar. In awo ya yi kyau, ta buɗe but. In bai yi ba, za ta raba sandunan ga yaran unguwa, ni kuma in koma zaman benci ƙofar masallaci ina tsinka wa masu wucewa magana. Ta kuma buga wa Banufen waya ta sa ya rantse ba zai ara min ko zare ba.

Wanda bai taɓa zama bakin ruwa ba zai ce mene ne abin damuwa a sandar gora. Ni dai na san tun da na ajiye sitiyari, nan ne kaɗai nake zama in ji ban zame wa kowa kaya ba.

Na nufi kasuwar Gudu wurin wani Bazazzagi mai sayar da gwanjon kayan Turai, irin waɗanda ake buɗe kwantena a tarar da komai a ciki, daga keken yara har tukunyar da ba wanda ya san me ake dafawa da ita. Sahu ɗaya muke sallar Juma'a, don haka ya yarda in tafi da abu uku in gwada, wanda ya yi min in riƙe, saura in dawo masa da su.

Na farko laima ce babba mai ƙafa ɗaya, irin ta masu sayar da katin waya. Na biyu wani abu ne zagayayye a cikin jaka, fale-fale kamar faifai, ba nauyi ko kaɗan. Na ukun sai da ya jawo shi daga ƙarƙashin tarin katifu. Doguwar jaka ce baƙa, da nauyi kamar ɗan maraƙi. A jikinta akwai hoto da ya koɗe, wani Bature zaune bakin ƙofar tanti, ya ɗaga ƙaton kifi yana washe baki.

"Alhaji, wannan na kamun kifi ne musamman," in ji Bazazzagin. "Dubi kifin. Ban taɓa nuna wa kowa ba."

"Don ba wanda ya taɓa tambaya."

"Wannan kuma daban."

Akwai rubutun Turanci da yawa a jikin jakar. Ni boko leƙa ta kawai na yi. Ina karanta lambar mota da allon hanya, in an wuce nan sai dai in gyaɗa kai. Amma hoto ai na iya karanta shi. Ƙasan da Baturen ke zaune fari ne tas, shimfiɗe har iyakar gani. Na kanga hoton ga haske na duba da idon wanda ya ci abinci da yashi, na ce wa mai shago, "Wannan yashin filasta ne, mai laushi. Da a nan yake da tuni 'yan tifa sun kwashe shi."

Ranar Alhamis na isa Abaji da kayana. Banufen ya tarbe ni a tasha, ya dubi lodin, ya ce, "Bawa, ka zo kama kifi ne ko ka zo kafa gari?"

Hausarsa irin ta nan ce, namiji ya zama mace, mace ta zama namiji, amma zagi ba ya kuskure masa.

Muka fara da laima. Gaskiya inuwarta ba laifi, kuma iska na ratsawa ta ko'ina. Matsalarta biyu. Inuwar ba ta zama wuri ɗaya, rana na matsawa tana matsawa, sai ka yi ta jan kujera kana bin ta kamar mai bin bazawara. Sannan ƙafarta ɗaya ce, yashin bakin kogi kuma ba ya riƙe amana. Iska ta taso daga ƙetare, laimar ta yi rawa, ta tsuguna, ta miƙe, sai ga ta a ruwa tana tafiya a kife kamar ƙwarya. Sai da Banufen ya bi ta da kwalekwale yana haki yana tsine wa Katsina da kewayenta.

Na biyun kuwa, ina zare shi daga jaka ya ƙwace daga hannuna, ya yi tsalle ya mare ni a haɓa, ya faɗi ƙasa ya zama ɗaki. Wallahi na ja da baya ina neman tsari. Da hankalina ya dawo na ga abin sha'awa ne: shuɗi, da shimfiɗarsa a ƙasa, da ragar sauro a ƙofa. Sai dai an yi shi ne don mai kwanciya. Na shiga da rarrafe, na zauna, kaina ya tokare rufin, gwiwoyina suka tokare haɓata. Yadinsa kuma shara-shara, rana na ratsowa tana dukan ƙeya kamar ba komai a tsakani. In zan jefa fatsa daga ciki sai na kwanta rub da ciki kamar kada. Da na fito, iska ta mirgina shi ya bi gaɓa, muka bi shi a guje, tsofaffi biyu.

Wahalar gaske sai da muka zo mayar da shi jaka. Na naɗe nan, can ya buɗe. Banufen ya danne gefe da gwiwa, na murɗa, abin ya kuɓuce ya cire masa hula. Muka yi ta kokawa da shi har la'asar. A ƙarshe muka ɗaure shi da igiya jikin bishiya a buɗe, kamar akuyar da ta ƙi shiga garke.

Lokacin da muka zo kan na ukun, rana ta yi sanyi, hadari ya fara haɗowa daga gabas. Ku riƙe wannan, don a nan na yi wautar.

Shi wannan ba ya tsalle. Kowane bango yana da igiya a tsakiya, ka ja, ya ce ɓam ya tsaya. Ka shiga ka tura rufin sama, shi ma ya ce ɓam. Sai ga ɗaki mai kusurwa huɗu, ja da baƙi, ina tsaye a ciki kaina bai taɓa sama ba. Kujerar roba biyu suka shiga har da sauran wuri. Bangon da kauri kamar bargon da aka ɗinke da auduga a ciki. Akwai 'yan tagogi na leda mai haske. Abu biyu ne suka ɗaure min kai. Ba shi da shimfiɗa a ƙasa ko kaɗan, ƙafarka na kan yashi. Sannan turakunsa ba na bugawa ba ne, masu murɗi ne kamar noti, kuma a yashi juyawa kawai suke yi ba sa kama komai.

"Sun sace ƙasan," in ji Banufen. "Mutumin Zariya ta cuce ka."

"Kai dai ba ka san kaya ba. Don a riƙa tofar da yawun goro ne."

Muka jera duwatsu a kan leɓen yadinsa da ya bazu a ƙasa ta gefe. Iskar hadari ta zo da ƙarfinta, tantin ko gezau. Na zauna a ciki na harɗe ƙafa, na tuna ɗakin soron kakana, bango kamu guda, wanda in ka shiga da azahar sai ka nemi mayafi. A wurinmu ai haka abin yake, ɗaki mai kaurin bango shi ne mai sanyi, na kwano shi ke gasa mutum. Na shafa bangon nan mai kauri na ce Turawa ma ashe sun san soro. Na yanke hukunci nan take. Juma'a ban ko je bakin kogin ba, na tafi masallaci na roƙi Allah ya tausasa zuciyar Uwata.

Asabar ta zo da rana irin wadda ke sa kare ya rasa inda zai taka. Na sa babbar riga don a san da gaske nake. Da Uwata ta iso na kafa tantin da kaina a gabanta, ɓam, ɓam, ɓam, ina satar kallon fuskarta. Don sauri ban ko tsaya jera duwatsun ba. Ta zagaya shi, ta taɓa bangon, sannan ta ɗauki jakar ta tsaya tana karanta rubutun. Ta daɗe. Na ga gefen bakinta yana motsi.

"Baba, wannan farin da mutumin ke zaune a kai, mene ne?"

"Yashi ne. Na filasta."

"To," ta ce. "Mu shiga."

Jinina ce, ba a banza ba. Ta riga ta gane komai, ta bar ni in kai kaina.

Muka shiga, ta zauna kan kujera ɗaya na zauna kan ɗaya. Don in burge ta na jawo zif ɗin ƙofa har ƙasa. Ta naɗa min abin awo a dantse, ta ce sai na huta tukuna kafin ta matsa. Muka fara jira.

Na taɓa kai yashi gidan burodi, na tsaya kusa da bakin tanda ana fito da tire. To wannan ya fi. Iska ta tsaya cak. Zufa ta fara daga ƙarƙashin hula, ta bi bayan kunne, ta gangara cikin riga. Warin roba ya cika hanci. Na ji zuciyata tana bugawa a cikin abin awon kamar mai neman hanyar fita.

"Akwai ni'ima," na ce.

"Sosai," in ji ta, tana share goshi da gefen mayafi. "Baba, in gaya maka na mene ne? A ƙasashen sanyi tafki yakan daskare ya zama ƙanƙara, har mota ta hau. Sai su kafa wannan a kai, su huda rami a ƙasa, su zura fatsa ta ramin. Shi ya sa ba shi da shimfiɗa. Turakun nan a ƙanƙara ake murɗa su. Kaurin nan kuma don kada zafi ya fita ne."

"Kada ya fita?"

"Kada ya fita."

Na san ƙanƙara, ina ganinta a talabijin, ina kuma sayen ta azumi. Amma wa zai ce min akwai mai hankalin da zai ɗauki kujera ya je ya zauna a kanta? Na dubi bangon soron kakana, na ji gwiwata ta yi sanyi, ita kaɗai ce ma ta yi sanyi a wurin. Na hango sandunana a hannun yaran Durumi suna kaɗo mangwaro da su.

"Buɗe ƙofar, Baba, kada ka sake faɗuwa a hannuna."

Na ja zif, ya ƙi. Ashe tun da na rufe ya haɗa da bakin babbar rigata ya cinye. Na ja sama, ya ƙara ci. Ga ni ɗaure da tanti ta riga, ga Uwata riƙe da robar abin awo da ke ɗaure a dantsena, kowa na jan nasa.

"Sarkin ruwa!" na ƙwala wa Banufen kira. "Zo ka buɗe!"

"Oga, ka ce akwai ni'ima," ya amsa daga waje. "Ni na ji da kunnena."

Uwata ta ce tunda ba ƙasa, mu ɗaga shi iska ta shigo. Na kama sandunan rufin, ta kama gefe, muka ɗaga. Iska kuwa ta shigo, har da 'yan uwanta. Ta cika tantin ta tura shi gaba, gaɓar kuma gangare ce. In na saki, zai kife ya ja ni da riga. Sai na bi shi. Uwata ta biyo ni don kada robar ta tsinke. Haka muka gangara, ɗaki guda ja da baƙi mai ƙafa huɗu yana sassarfa. Wasu shanun Fulani da ke shan ruwa suka watse. Banufen yana bayanmu yana ihu, "Hagu! Hagu! Dama! Kai bawa, ba ka iya tuƙi ba ne?"

Sai na ji ruwa a ƙafa. Muka yi taku kaɗan a ciki, iskar ta lafa, na sauke tantin. Ya zauna daram a kan yashin da ruwa ya lulluɓe, ruwan iya idon sawu, yana shigowa ta ƙarƙashin bango ɗaya yana fita ta ɗayan.

Na jira faɗa. Sai na ji wani sauti, na waiga, Uwata ce ta dafa gwiwa tana dariya har da hawaye, takalminta ɗaya yana yawo a tsakaninmu. Rabona da jin wannan dariyar tun kafin a kai ni asibiti. Tana cikin dariyar ta jingina da taga, sai ledar ta ce ɓarau, ta ɓalle. Ashe manne suke da abin nan mai ƙaya-ƙaya irin na takalmin yara. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta ɓalle duka. Banufen ya iso da wuƙar gyaran kifi, ya yanke bakin rigata ba tare da ya nemi izini ba, zif ya buɗe.

Iska ta ratsa daga taga zuwa ƙofa, ta biyo kan ruwa da sanyinta. Rufin nan mai kauri ya tare rana gaba ɗaya, ba kamar shuɗin da ke ɗaure a bishiya ba. Ƙafafuna cikin ruwa, wasu 'yan ƙananan kifaye suna tsattsagar yatsuna. 

Uwata ta daina dariya. Ta dubi sama, ta dubi ruwan, ta ce wa Banufen, "Kawu, miƙo mana kujerun."

Muka zauna a cikin kogi. Ta ba ni ruwa a gora na sha, ta hana ni magana, ta jira har zufar ta bushe. Sannan ta gyara abin awon ta matsa. Ya kumbura ya matse dantsena, ya fara saki a hankali. Ni ban kalli abin ba, fuskarta nake kallo. Ta sake matsawa karo na biyu, don ba ta yarda da ni ba ko a jini.

"Ba laifi," ta ce.

"Ba laifi na a buɗe but, ko ba laifi na a kai ni gida?"

"Su ma masu shi a kan ruwa suke zama," in ji ta, kamar da kanta take magana. "Nasu dai ya daskare ne."

Ta jero sharuɗɗa. Tagogi a cire su a bar su gida. Ƙofa a ɗaure ta a buɗe, kada in sake taɓa zif. Ruwa kada ya wuce idon sawu, kuma da zarar damina ta kankama kogi ya fara cika, ba ni ba shiga. Magani kafin in fito. Babbar riga kuma a bar wa ranar Juma'a. Na amsa kowanne da to, har da waɗanda ba ta faɗa ba.

Ta taka zuwa mota da takalmi ɗaya. Na ji ƙarar buɗe but daga inda nake. Ta dawo da sandunan a kafaɗa ta miƙa min ta taga.

Laimar na mayar wa Bazazzagin da ɗan lanƙwasa a ƙafa. Shuɗin kuwa a buɗe muka ɗaure shi saman motar haya har Gudu. Mai shagon ya ce ba komai, yanzu zai naɗe shi, ya tara maƙwabtansa suka taru a kai. Har yau yana nan rataye a ƙofar shagon a buɗe, ya ce da ma talla yake so ya yi da shi.

A ranar dai ban bar kogin ba sai da rana ta karkata. Na soka tana a ƙugiya, na jefa ta ƙofa. Uwata tana gefena ta tsoma ƙafa a ruwa tana danna waya. Banufen yana can cikin rana da malafarsa, ya ce shi ba zai shiga ɗakin bayi ba. Ya kama tarwaɗa biyu manya. Ni kuwa kifayen suka cinye tanar suka bar min ƙugiya fes, kamar yadda suka saba, na sake soka wata na mayar musu.